Robobin da Na Zubar

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya gwiwar taki? Mu ma alhamdu lillahi, sai kewar baban yara da ta ƙi raguwa.

Yaya, lambun bayan gida zai haukata ni. Tumatirin da ya dasa kafin ya kwanta ciwo, ganyen duk ya yi farin zane a murɗe, kamar yaro ya samu alli. Ko furanninsa na gindin taga ba su tsira ba. Na yi feshi sau uku, na barbaɗa toka, duk a banza. Maƙwabciyata ta ce ruwa ya yi yawa, mijinta ya ce ya yi kaɗan, alhali ko albasa ba su taɓa shukawa ba.

Irin nan shi ya adana da hannunsa, kuma babu saura a kwalba. Idan ya bushe bai nuna ba, shi ke nan.

Ki gaida kowa.
Taki, Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kin samu sauƙi.

Na kai wa mai sayar da iri ganyen. Ya ɗaga shi a rana, ya nuna min 'yar tsutsa can cikin ganyen, inda feshina bai kai ba. Wai wani mitsitsin ƙuda ne ke saka ƙwanta. Sai ya tambaye ni ina robobi masu ruwan ɗorawa da marigayi ke ratayewa a lambu.

Kin tuna su? Yankakkun jarkokin nan masu maiƙo, da kika taya ni kwashewa don kada masu ta'aziyya su ga ƙazanta. Ashe tarko ne, a jikinsu ƙudan ke liƙewa! Shekara goma sha bakwai ina yi masa mita a kansu, bawan Allah nan sai dai ya yi dariya. Da ya buɗe baki ya faɗa min, me zai rage shi? Na yi ta masa faɗa a lambu ni kaɗai, har kuka ya ƙwace min.

Na tsinke ganyen da ya kamu na ƙone. Tushe shida suka rage. Jarkar man da kika manta a nan kada ki neme ta, na yayyanka ta na shafe da mai na rataye.

Sabon ganye ya fito tas, har da fure. Na wanke kwalbarsa, tana jira.

Ki sa mu a addu'a.
Taki, Auta