Inna Ta Kife Tukwanen Giya

Zuwa ga Yaya Rahila,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya jikin maigidanki, yaya yara da sanyin Jos? Mu nan lafiya muke, sai dai farin bana ya fi na bara, geronmu ko kai bai fitar ba.

Labarin da zan ba ki shi ne Inna ta daina dafa giya. Tun da aka yi mata baftisma ta kife manyan tukwanen nan a bayan rumbu, waɗanda da su ta ciyar da mu tun rasuwar Baba.

Ranar kasuwar Ɗambatta wanta, Kawu Nomau, ya zo da buhun dawa. Ya ce ta dafa masa giyar bikin ɗansa, rabin buhun nata ne. A ranar kuwa zogale kawai muka kwaɗa. Inna ta daɗe tana kallon buhun, sannan ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na riga na yi wa Ubangiji alkawari." Ya ce, "To, alkawarin ya ciyar da ke." Ya ɗauki dawarsa, har yau bai sake taka gidanmu ba.

Ni kam na so ta karɓa. Yanzu surfe take yi a gidajen mutane, hannuwanta duk sun yi kanta, ni ma ina bin ta da taɓarya.

Ki gaishe mini da kowa. Ku sa mu a addu'a, har da Kawu. Inna ce ta ce lallai in rubuta sunansa.

Ƙanwarki,
Saratu