Babu Motar Rakiya ga Mzee Kibwana

Cikin alhini, da kuma wani ɓacin rai da ba za mu iya ɓoyewa ba, Ƙungiyar Direbobi da Makanikai ta Garejin Mwembetatu ta samu labarin rasuwar uba, malami kuma dattijonta, Babban Jami'in Tsara Fitar Motoci, Alhaji Mzee Athumani Mwinyimvua Kibwana, wanda Allah Ya karɓi ransa da safiyar yau Talata a gidansa, yana da shekara sittin da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya fara da kwandastan daladala, wato ƙananan motocin haya na cikin gari, ya zama direba, ya kuma shafe shekara tara yana raba dogayen bas-bas na layin sauri a wannan gareji, da allo da alli da murafen kwalaben lemo, kowane murfi mota guda. Da aka tashi ƙara wa layin tashoshi tara zuwa Kilimahewa, shi ne ya jera murafensa a kan teburin masu girma shugabannin gudanarwa, ya nuna musu cewa sai an ƙaro mota ashirin da huɗu, a ware ɗaya cikin kowace goma ta zauna jiran ko-ta-kwana, a kuma samo filin da za su kwana, tunda garejinmu arba'in yake ɗauka. Suka ƙaro takwas. Filin kuwa har yau yana cikin takarda, motoci na kwana a bakin titi ana kwance musu madubi da batir. Da wani injiniya ya ce masa na'ura ta riga ta yi lissafi, sai ya ce: "Ɗana, na'urarka ta taɓa tsayuwa a tasha da jariri a baya?" Tun daga ranar shugabannin suke kiransa Mzee Ƙorafi, wato Tsoho Mai Ƙorafi. Yau su ne suka aiko da furanni da takarda mai cewa gwarzo ne. Mun karanta, mun ajiye.

A garejin nan, duk ma'aikacin da ya rasu, mota guda ke fita ta kai shi makwancinsa tare da masu rakiya. Mai shara ta samu, mai gadi ya samu, kuma marigayin ne da hannunsa yake cire musu motar daga allo. Da hantsi muka hau ofis neman tasa, aka ce mana babu ko ɗaya ta jira, duk suna kan layi. Wato mutumin da ya tsufa yana roƙon motar jira, shi ne aka rasa wa ita.

Ba za mu yi wa jama'a ƙarya ba, direbobi uku sun riga sun ɗauki makulli, da izini ko babu. Mai ɗakinsa, mahaifiyarmu Bi Zuhura Ngonyani, ita ta hana. Ta dubi kakakinmu ta ce: "Ku cire mota daga layi saboda shi? Shabani, ka manta halin babanku? Wallahi sai ya tashi zaune a makara ya tambaye ku wa ya sa hannu." Muka yi dariya muna hawaye, muka mayar da makullai.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Bi Zuhura, da babban ɗansa Mwalimu Sudi Kibwana, da sauran 'ya'ya, jikoki da dangi baki ɗaya, tana roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Amin.

Za a yi masa salla bayan la'asar a masallacin gareji. Daga nan zuwa maƙabartar Kilimahewa kilomita biyar ne, muna so mu isa kafin magariba, kuma mu da muka sauka daga aiki ba mu kai talatin ba. A kafaɗa za mu ɗauke shi, ta gefen sabon layin, ba tare da mun tare hanyar mota ko ɗaya ba. Don haka muke roƙon ku 'yan'uwa maza da za mu tarar a tashoshi kuna leƙen hanya: ba ku san shi ba, amma shekara biyu ya yi yana faɗa a kan tsayuwar da kuke yi. Ku sauko ku sa kafaɗa, ko taku ashirin ne, ku miƙa wa na gaba. Kada ku damu da layinku. Za ku dawo motar ba ta zo ba.

Shabani Mgeni Lukindo
Kakakin Ƙungiyar Direbobi da Makanikai ta Garejin Mwembetatu