Tsuntsuna Ya Ƙi Hannuna na Dama

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin, ina roƙon a sakaya sunana. Don Allah shawararku nake nema, abin da ke gabana ya fi ƙarfin karatuna.

Shekarata hamsin, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan Kumasi, kuma a gidanmu na gado a Zango nake zaune da maiɗakina da mahaifiyata, wadda muke kira Mma. Kafin wannan al'amari na yi imani cewa duk tsoron dabba rashin sabo ne, kuma babu tsoron da haƙuri da tsari ba za su kawar ba.

Bayan auren autarmu gidan ya yi shiru, sai na sayi ɗan ƙaramin aku mai kore da rawaya, irin wanda ake kira baji, a wurin wani mai tsuntsaye a kasuwar Race Course. Da zai miƙo mini kejin ya ce, "Masta, kakra kakra, sannu a hankali. Kar ka kama shi, bari shi ya kama ka." Haka na bi. Da farko ko inuwata ce ta gifta sai ya yi ta bugun wayar kejin da fukafukai har gashi ya zuba. Na riƙa zama kusa da kejin bayan la'asar ina duba takardun ɗalibai, ina magana ƙasa-ƙasa, ba na kallon idonsa. Daga baya na fara ɗora hannu a jikin kejin ba motsi, sannan na shigar da zangarniyar gero. Ranar da ya taka yatsana da 'yan ƙafafunsa masu ɗumi, na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Mma ba ta so zuwansa ba tun farko. Mahaifinta falken goro ne, a wajen alif ɗari tara da ashirin yana saurayi ya sayi aku mai jan wutsiya a dajin Asante, suka tsufa tare. Ta ce tana yarinya ta ga akun nan, wanda ba ya sauka ko'ina sai hannun daman mahaifinta, rana ɗaya ya ƙi hannun. Bayan 'yan watanni hannun ya fara rawa, ƙafa ta bi, har ta kai Mma ce ke ba shi koko a baki. Tun daga nan ba a sake ajiye tsuntsu a gidan ba. Na yi mata bayani irin na 'yan boko, ta ce, "To mai digiri, ai kakanka ma ba jahili ba ne."

Kwanan baya tsuntsun ya canja. In na miƙa dama sai ya ja can lungu, ya lafe gashinsa, ya zuba wa yatsana ido. Na zargi sabulu, na canja. Na cire zobe, na cire agogo, duk a banza. Wata rana gero na hannun dama, na buɗe ƙofar kejin da hagu, sai ya yi tsalle ya hau hagun ya zauna lafiya lau. Na shimfiɗa dama a kan tebur, na ɗora takarda a bayanta. Bakin takardar yana ta karkarwa, ni kuwa ba na jin komai.

Na je babban asibiti a Bantama ban faɗa wa kowa ba. Likita ya sa na yi tafiya, na yi rubutu, na taɓa hancina, sannan ya ce in dawo a ɗauki hoton kaina. Bai kira sunan ciwon ba, ni ma ban tambaya ba.

Kuskurena ya zo wajen shayi. Don tsoron kada kofi ya yi ƙara a kan faranti, na miƙa wa Mma da hagu, abin da ko yaron maƙwabtanmu Asante ba zai yi wa babba ba. Ba ta karɓa ba. Ta dubi hannun da ke aljihuna, ta dubi kejin, ta ce, "Yaushe ka zama bahago?" Na ba ta haƙuri. Da rana ta ce kafin Juma'a in buɗe kejin, in saki tsuntsun. A ganinta tsuntsun ne ke kiran ciwon, in ya tashi zai tafi da shi, kuma ba kyautarwa ba, saki. Na ce a keji aka ƙyanƙyashe shi, kafin magariba shaho ko hankaka zai gama da shi. Ta ce gara tsuntsu da ɗa. Maiɗakina, da ba ta san komai ba, ta ce in bi maganar uwa in huta.

In na sake shi, hankalin Mma zai kwanta a kan ƙarya, ni kuma na ci amanar halittar da na koya wa yarda da ni, wadda ta riga kowa gaya mini gaskiya. In na faɗa mata inda na je, tsohuwa ce mai hawan jini, kuma ta ga ƙarshen wannan hanya da idonta. Ina ta tambayar kaina, ita nake karewa ko kuwa ni ne ba na so in ji maganar ta fito daga bakina.

'Yan uwa, me zan yi kafin Juma'a, in buɗe kejin ko in buɗe bakina? Wanda ya taɓa sanar da tsohuwa irin wannan labari, ta ina ya fara?

Yau da safe na miƙa wa tsuntsun hagu. Ya daɗe yana kallon hannun kafin ya hau.