Ƙofar da Baba Anicet Ya Bar Mana

Cikin alhini da sanyin jiki, Zumuntar Mata ta Cocin Waliyyiya Odile ta samu labarin rasuwar dattijonmu, Baba Anicet Kaouma, wanda ya zana cocin nan, ya tsaya kan gininsa har aka gama. Ni ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa, a yi haƙuri da bakin tsohuwa.

Ina budurwa ya dawo daga karatu a Faransa, muna jiran ya yi mana coci mai kusurwa huɗu irin na Nouméa, babban birninmu. Sai ya kewaye fili da siminti kamar ɗakin kakanninmu, ya ɗaga rufi ya yi tsini, ya bar taga guda can sama da ke zubo haske kan bagade. Mu muka ɗauko masa yashi daga bakin teku. Guguwa ta sha kwashe rufin gidajenmu, nasa ko gezau. Yau ga masu kula da kayan tarihi suna zuwa da ma'auni, wai babu irinsa.

Abu ɗaya ne ya hana mu sakat: ƙofa. Gini har sama, amma ƙofa iya ƙirjina. Ɗakin gargajiya dai mun san sunkuyawa ake, to amma gidan da ake shiga da amare da gawa? Limaman coci nawa suka fasa goshi a nan! Mun tambaye shi har mun gaji, sai ya yi dariya ya ce mu cika surutu.

Yanzu kwamitin coci zai zauna bayan jana'iza kan a fasa ƙofar a ɗaga ta, kuma mun ji iyali na shirin yin addu'ar Misa a waje don akwatin gawar ba zai shiga a kafaɗa ba.

Mama Sidonie, matar marigayi, 'yar'uwata, Ubangiji ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'ya da dangi duka, ya ba shi hutawa. Muna tafe da doya da ƙyalle kamar yadda al'ada ta ce. Amma muna roƙo, kada a ajiye mijinki a waje. Bara da na matsa masa ce mini ya yi: "Léocadie, ranar da kuka shigo da ni za ki gani."

In maza ba za su durƙusa su shigo da shi ta ƙofar ba, mu mata za mu ɗauka.

Léocadie Nemba
Shugabar Zumuntar Mata