Tsumman Gasa Cibiya

Bagama, Suleja

Zuwa ga Mamana Kande,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafarki, da fatan ta yi sauƙi? Yaya Baba da aikin gona? Mu nan lafiya lau, maigidana Kefas yana gaishe ki.

Mama, raina a ɓace yake. Kin san aikina: koya wa ma'aikatan asibitocin ƙauye yadda za su nemo sakamakon bincike a wayoyinsu, su daina aiki da "haka muka tarar". Na sha fama. Wani ya ce babu sabis, wani ya ce Turancin ya yi kauri, wata kuwa takardar shaidar halarta kawai ta kawo ta. Na taƙaita musu da Hausa abin da aka gano a kan cibiyar jariri: a shafa maganin da ake bayarwa a asibiti, a bar ta ta bushe. Ban da gasa ta, ban da man goge baki.

Malam Obadiya na asibitin garinmu ya fi kowa ba ni ciwon kai. Takardar da na ba shi, sai ya kai Lambata aka yi mata firam, ya rataye kusa da kalanda kamar hoton aure. Da na je dubawa, maganin yana nan a kwali, ɗan kaɗan kawai aka taɓa. Na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Ya bari na gama, sannan ya ce ya karanta, ya kuma yarda, amma duk uwar da ya ba maganin, akwai wata tsohuwa da take bin ta gida da tsumma da kaskon wuta. Ya ce ba ya iya ja da ita, don ita ta yanke tasa cibiyar.

Ban tambayi sunanta ba, Mama. Na san tsumman.

Ashe ina ta yawon gyara garuruwan mutane, babban gyaran yana gidanmu. Na san za ki ce haka kika yi mini, ga ni da raina. Gaskiya ne. Amma haka aka yi wa ƙanena Filibus, cibiyarsa ta kumbura ta yi ruwa, muka binne shi yana jariri. Ban ɗora miki laifi ba, lokacin babu wanda ya sani. Yanzu an sani.

Ga abin da ban faɗa miki a waya ba: ina da juna biyu. Ke nake so ki zo ki yi mini wankan jego, ba na son hannun kowa sai naki. Ki zo da daddawa da ƙaunarki, ki bar tsumman a gida.

Idan namiji ne, Filibus za mu sa masa. Ina so wannan ya girma ya amsa sunan.

Ki gaida Baba da mutanen gida.

Taki har kullum,
Debora