Kwana Goma Sha Huɗu a Tuddan Oberni

Utaibiyya, Makka
12 ga Muharram, 1386

Zuwa ga Idrisu, sanyin idona, inuwata idan ranar Makka ta take tsaka, ruwan randata, hasken da nake gani ko na rufe ido. Gaisuwa mai yawa, da begen da ya fi gaisuwar yawa.

Wasiƙarka ta iso ta hannun Alhaji Yunus, abokin karatunka, bayan an sauko Arfa. Shafi huɗu, da ajaminka mai kyau! Shekara guda cur ina zuba ido a hanya, sai ga shi ka biya ni da shafi huɗu. Na karanta har na haddace, ya masoyi, kuma wallahi ka iya tsara tafiya.

Ka ce idan an ba ku hutun makarantar likitanci a bazarar Faransa, za ka aro ƙaramar mota mu hau tuddan Oberni a hankali, kwana goma sha huɗu, ba mai korar wani. Duwatsun da wutarsu ta mutu tun zamanin da, ciyawa ta lulluɓe su. Jajayen shanu masu ƙararrawa a wuya. Tafki a kan dutse, mai sanyin da ke sa haƙora kaɗawa. Cuku mai girman dutsen niƙa a bukkokin makiyaya. Inda ya yi mana daɗi mu ƙara kwana, inda bai yi ba mu wuce. Wayyo ni! Ni da ko Ɗa'ifa ban taɓa hawa ba, sai dai in ga motocin masu hali sun nufi can shan iska muna nan muna gasuwa, ni ake yi wa albishir da ƙasar da ake ɗaukar rigar sanyi a tsakiyar bazara? Har ƙanshin ciyawar na ji a hancina.

Me ka bari ba ka tuna ba? Ka ce in nemi takalmi rufaffe saboda raɓa. Ka ce ba za mu taɓa namansu ba, kifi da ƙwai da madara sun ishe mu. Ka ce rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, kada in yi gaggawar magariba. Har alƙibla ka auna mini daga kowane ƙauye.

Abu ɗaya ka manta, hasken raina: gidan da ka aiko wa takarda. A gidanmu wasiƙa hannun maigida take fara sauka, ko sunan wa ke bayanta. Alhaji Yunus ɗan mutunci ne, ya yi abin da ya dace, ya miƙa wa Baba a rumfarsa ta carbi. Bayan la'asar Baba ya zauna a tabarma, ya sa tabarau, ya bi shafi huɗun nan layi-layi yana neman layin da aka rubuta dominsa. Ina tsaye ina kallon yatsansa yana sauka. Da ya kai ƙarshe ya juya bayan takardar, ko yana can. Ya leƙa cikin ambulan. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Ɗayyib, madalla. Tafiya ta tsaru, Rumasa'u. To, a matsayin wa za ki bi shi? Wane ne muharraminki?"

Me zan ce? Kai da ka san sunan kowane tafki, me ka bar mini in faɗa wa mahaifina? Inna Hure ta tashi ta shige ɗaki, ta bar shayinta a wurin. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma kai ka ja mini ita.

Ka tuna Arfar da ta gabaci wannan da aka sauko? Inna ta yanke jiki ta faɗi gefen tukwanen da muke dafa wa alhazai abinci, ka fito da gudu daga tantin likitocin Nijar, haraminka na zamewa daga kafaɗa, ƙanƙara na narkewa a tafin hannunka. Bayan Mina kwana bakwai kana zuwa duba ta, alhali tun kwana na uku ta koma bakin murhu. Duk unguwa ta san wace ce majinyaciyar! Baba ya zaɓo carbin da ya fi so ya ba ka, ya kira ka ɗansa. Ran da za ka tafi ka tsaya a ƙofa ka ce ba za ka bar ni cikin zafin nan ba. Na ɗauka na san abin da kake nufi.

Baba shekara biyar ya yi a ƙafa daga Daura zuwa nan, yana tsinkar auduga a Sudan don guzuri. Ya san tafiya, ya kuma san ba a fara ta daga zango na biyu. Tun ranar da ya karanta wasiƙarka bai ƙara ambaton sunanka ba.

Na gaya wa Inna mantuwa ce, karatu ya yi maka yawa. Ita ta yarda. Ni ce na kasa, domin wanda ya tuna raɓa ba ya manta aure. Ko dai ƙasar da kake ta koya maka cewa ana ɗaukar 'yar mutane a hau dutse da ita, a dawo a ajiye ta inda aka ɗauko? Idan haka ne, faɗa mini ƙiri-ƙiri, ka ji, kada ka naɗe mini shi cikin ciyawa da ƙararrawar shanu.

Alhaji Yunus zai tashi daga Jidda ranar Asabar, shi zai kawo maka wannan. Ba shafi huɗu nake roƙo ba, ya abin begena. Layi biyu zuwa ga mahaifina Malam Zali, da sunan wanda ka wakilta ya zo ya durƙusa a gabansa. Ka yi wannan, in bi ka ko tuddan ƙaya ne, ko a ƙafa. Idan ka kasa, ka hau duwatsunka kai kaɗai, Allah ya kiyaye hanya, amma kada ka aiko mini hoto.

Zuciyata dai ba ta iya juyawa ba. Na yi mata faɗa, na yi mata gori, ta ƙi ji. Tana inda ka bar ta, kuma nan za ka same ta ko bayan bazara nawa.

Taka har abada, ko da yake har yau ba ka tambaya ba,
Rumasa'u