Na daka dutsen haƙo a turmin Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara.

Ina zaune ƙofar ɗaki ina karanta bayanin da jami'ar da na samu ta turo min a waya, Inna na dakan gero a gabana. Jami'ar gwamnati ce ta injiniyanci da haƙar ma'adinai, wai da can makarantar koyar da mahaƙa ce kawai kafin a ɗaga ta, yanzu akwai kos na haƙo, na binciken duwatsu, na narka ƙarfe, da na kare lafiyar mutane wurin haƙo. Ƙarƙashin wanga na ƙarshe na ga an rubuta dutsen zinariya kan zo da gubar dalma, kuma mafi haɗari a daka shi cikin gida.

Ni kuwa na daka. Kawuna na Shagari da ke zuwa haƙo ya kawo min duwatsu tsaraba, yana min tsiya wai injiniya ga aiki ki fara. Don ɗoki na zuba su turmin Inna na dake in ga ko zinariya za ta fito, na ɗauraye na mayar. Sati uku muna shan fura daga turmin nan, har da Yayata mai ciki wata bakwai.

Ban iya faɗa wa kowa ba. Da ƙyar Baba ya yarda in tafi, ya ce haƙo ba aikin mata ba ne, kuskure ɗaya ya gani an fasa. Na ja turmin bayan rumbu na ce ya tsage, Inna ta yi ta faɗa, na aurenta ne. Na sami wata ma'aikaciyar lafiya nan Bodinga, ta wanke ni tas, ta tura mu Sakkwato gwajin jini. Yaya kuwa na ce mata gwajin na cikin awon cikinta ne. Kwana huɗu muna jiran sakamako, ko ta ce kanta na ciwo sai in shiga bayi in yi kuka.

Yau bayan azahar likita ta kira ni ta ce, "Ɗiyata kwantar da hankalinki, jininku lafiya lau, ke da ita. Amma turmin nan kada ya ƙara ganin hatsi."

To ɗazu Inna ta jawo shi, ta jujjuya ta ce ita ba ta ga tsaga ba, gobe da shi za ta yi daka. In faɗi gaskiya Baba ya hana ni karatun, ko in sa wa turmin gatari kafin gobe in yi shiru? Mi zan yi don Allah?